Lubabatu, Tozon Watanda da Lambar Sirri

Sunana Gwadabe, dillalin shanu a karar Wudil. Duk wanda ya taɓa sayen sa ranar Juma'a a kasuwar nan kuma bai san ni ba, to ya koma gida ya duba da kyau, wataƙila akuya aka ɗaura masa. Karatuna ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare. Ba ƙwaƙwalwata ce ta gaza ba, malaman ne suka ƙarar da abin da suka sani. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ga rubutun ya ce wane ne wannan. Labarin dai ba nawa ba ne. Na 'yar kawuna ne, Lubabatu Ja'afar ta Sabon Gari, wadda a yau in ka ba da jininka a gwada a wani wuri da ke kusa da gada, ita ce a tsaye tsakanin sirrinka da bakin mutanen gari.

Mahaifinta, Kawu Ja'afar, wan mahaifiyata ne. Ke nan ni da ita taubasai ne, ina da izinin tsokanarta har ranar da ɗayanmu zai riga ɗaya. Na girme ta da shekara takwas, amma ba ta ce mini Yaya sai in tana so in kai ta wani wuri a babur. An haife ta da kai kamar tulu. Ungozoma ta ce ba ta yi kukan haihuwa ba sai da ta gama kallon mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Ba na wurin, amma na yarda, don har yau haka take kallon mutum, kamar ta ga inda ya ɓoye abin da ya ɓoye.

Rigimata da ita ta farko a kan nama ce.

A layinmu duk jajibirin ƙaramar salla ana yin watanda. Gida goma sha biyu ake haɗuwa a sayi sa ɗaya, a yanka a ƙofar gidan Kawu, mahauci ya kasa naman kashi goma sha biyu a kan buhunhuna. Komai ƙoƙarin mahauci, sai ka ga kashi ɗaya ya ɗara sauran, tozonsa ya fi kauri, hantarsa ta fi faɗi. Don kada a yi rigima sai a yi ƙuri'a. Kowane gida ya kawo tsinke ya yi masa alamar da shi kaɗai ya sani, a zuba a hula, sannan a kira Malam Ubaidullah ladan, wanda tun da aka fara fiɗa yake zaune a bayan masallaci bai ga komai ba. Shi zai riƙa zaro tsinke yana ɗorawa a kan kashi. Inda tsinkenka ya sauka, nan rabonka yake. Malam Ubaidullah mutum ne da ko ƙwayar gero ya tsinta a hanya sai ya yi cigiya. Ba wanda ya taɓa zarginsa, kuma ba a yi kuskure ba.

Sai dai ni na lura da wani abu. Malam daga masallaci yake fitowa, ta hanya ɗaya kullum. In ya sa hannu a hula, tsinken da ya fi tsawo shi yatsunsa ke fara taɓawa. In ya yi bisimilla kuma, da kashin da ke damansa yake farawa, don bai taɓa fara komai da hagu ba a rayuwarsa. To ni nake wakiltar gidanmu, ni kuma nake taya mahauci jera buhunhuna. Tsinkena ya ɗara na kowa da rabin ɗan yatsa, kashi mai tozo kuma kullum sai ya tsinci kansa a daman mai fitowa daga masallaci. Shekara huɗu a jere gidanmu na cin tozo. Mahaifiyata har sadaka ta yi, wai addu'arta ce ke ci.

A shekara ta biyar Lubabatu na da sha biyu. Ta fito da kwanon gidansu ta tsaya a bakin zaure. An aika kiran Malam, bai iso ba, sai ta ce da ƙarfi:

"Baba, wancan na gefe na Gwadabe ne."

Kawu ya ce, "Ke, koma ciki. An yi ƙuri'ar ne?"

"Ba a yi ba. Amma nasa ne. Na kusa da shi na gidan Liman ne, don tsinkensu ne ke bin nasa a tsawo."

Malam ya iso, ya yi bisimilla, ya zaro tsinkena, ya ɗora a dama. Ya zaro na gidan Liman, ya ɗora a na biyu. Kawu ya kama kunnena a gaban jama'a, ina ɗan shekara ashirin da gemu uku a haɓa, ya murɗa shi yadda har yau in hadari ya haɗu nakan ji shi. Malam Ubaidullah ya zauna a dakali yana ta istigfari. Lubabatu ta matsa kusa da shi ta durƙusa ta ce, "Malam, ba ka yi ha'inci ba. Hannunka ne yake da ɗabi'a, shi kuma ya haddace ta."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ta gama sakandare, ta shiga jami'ar nan ta garinmu ta karanta kwamfuta. Ni na zaci gyaran waya ake koya musu, har na tara mata matattun wayoyi takwas. Ashe rubuta wa inji umarni suke yi, abin da suke kira manhaja. Na taɓa leƙa rubutun, duk baka ce da ɗigo da waƙafi, kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan allo. Ta gama, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida. Sai zama. Shekara uku tana ɗinkin hijabi a kan keken gwaggonta, tana kai takardu wurare ana ce mata za a neme ta. Ni kuma duk na shigo sai in ce, "Injiniya, a rage mini wandon nan da kwamfuta." Takan yi dariya, amma akwai ranar da ba ta yi ba, daga ranar na rage. Na rage, ban daina ba.

Aikin ya zo ta hannun Alhaji Sharhabilu, mai wani wurin gwajin jini a bakin titi. Tun da gwaji kafin aure ya zama dole, layin wurinsa ya fi na gidan mai. Mutumin Utai ko Ɗankaza zai zo ya ba da jini, ya koma, ya sake dawowa karɓar takarda. Wanda ba zai iya dawowa ba sai ya aiko ɗan acaɓa, ɗan acaɓa kuma kafin ya ƙetare gada ya karanta, kafin ya isa ƙauye an san wane yana da sikila, wance tana da ciwon hanta. Lubabatu ta je ta ce wa Alhaji za ta rubuta masa manhajar da kowa zai ga sakamakonsa a wayarsa. In ka ba da jini, kwamfuta ta buga maka 'yar takarda mai lambar sirri. Ka sa lambar wayarka, ka sa lambar sirrin, takardarka ta buɗe, kai kaɗai.

Alhaji ya riga ya yi magana da wani kamfani na birni, kuma zuciyarsa na can. Sai da Kawu ya taka har gidansa sau biyu. Ranar da ya amince ina wurin, don ni na kai ta. Ya miƙa mata mukullin ofis ya ce, "Lubabatu, ni ba jini nake ajiya ba, asirin mutane nake ajiya. Ranar da na mutum ɗaya ya fita ta hanyar injin nan, ke ma ranar kin fita, in kira 'yan birni. Kin ji?"

Ta ce, "Na ji, Alhaji."

Wata bakwai abu na tafiya kamar ruwan kogi. Kawu ya yi sabuwar riga. Ni kaina a kara na riƙa ce wa Fulani ƙanwata ce ta ƙera intanet.

Sai aurena ya taso. E, na yi jinkiri, shekara talatin da biyar, ina zaɓe ne. Yarinyar sunanta Mas'uda. Ranar wata Talata muka je gwaji, na yi sammako na zama na farko a layi, ita ta biyu. Ranar Alhamis da safe ina teburin mai shayi ina fama da wayata, manyan yatsuna na danna harafi biyu a lokaci ɗaya, sai na miƙa wa abokina Garzali mahauci, wanda shi ma ya yi nasa gwajin makon da ya wuce. Ya dubi takardata ya ce:

"Kai, ina ka samo lambata?"

"Wace lambarka? Tawa ce, da zafinta aka ba ni."

Ya cire hula ya zaro tasa takardar daga ciki. K7M2R9. Na dubi tawa. K7M2R9. Muka dubi juna.

Na ce, "Kai ma na farko ka zama a layi?"

"Tun kafin a tada janareto ina wurin."

"Amaryarka ce ta biyu?"

"Ita ce. Ga ma takardarta, ni ta ba wa ajiya."

To a nan Gwadaben watanda ya farka. Na ce a raina, in na farko da na farko sun yi daidai, na biyu da na biyu fa? Na sa lambar wayar Mas'uda, na sa lambar sirrin amaryar Garzali. Takarda ta buɗe, ga sunan Mas'uda ɓaro-ɓaro a sama. Na rantse na rufe ido nan take. Ido ɗaya dai.

Da la'asar na nufi gidan Kawu ina tafe ina rangaji, na samu abin tsokana na shekara guda. Na tarar da ita a tsakar gida tana cin ɗanwake.

Na ce, "Injiniya, injin naki ya tsufa, ya fara maimaita zance kamar Gwaggo."

Na ajiye mata takardun biyu a kan tabarma, na ba ta labari har da ƙarin gishiri. Ina jiran ta jefe ni da cokali. Ba ta jefa ba. Ta ajiye kwanon, ta daɗe tana kallon takardun. Ta ce, "Yaya Gwadabe, tada babur."

Da na ji Yaya, kuma ba fara'a, na san abin ya wuce wasa.

Muka je ofis an kusa tashi. Ta kashe kwamfutar gaba ɗaya daga bango, ta sake kunnawa, ta nuna mini ƙasan allon. Agogon ya ce ɗaya ga Janairu, wata shekara can da ko waya ban mallaka ba. Ta tambayi Rahinatu, mai karɓar mutane a teburin gaba, ko ta san da wannan. Rahinatu ta ce ai ya fi wata huɗu haka yake, duk safiya in an tada janareto sai ta gyara agogon da hannunta, ba ta ga abin damun kowa ba.

Lubabatu ta ja kujera ta zauna. Ga bayanin da ta yi mini, kuma na riƙe shi don sau uku na sa ta maimaita. Ita kwamfuta ba ta iya ƙuri'a ba, lissafi ta iya. In ka ce ta kawo lamba irin ta ƙuri'a, sai ta ɗauki wata lamba ta farko, wadda masu sana'ar ke kira iri, ta yi ta juya ta, tana fitar da jeri mai kama da hargitsi. Amma iri ɗaya, jeri ɗaya, kamar yadda in ka shuka gero ba za ka girbi dawa ba. Ita kuma da take rubuta manhajar, sai ta sa injin ya riƙa ɗaukar irinsa daga agogo, rana da awa da mintin da aka kunna shi. A kwamfutarta ta gida abin ya yi kyau, don agogonta na tafiya. Ta ofis kuwa tsohuwa ce, akwai wani ɗan batir a cikinta kamar maɓallin riga, shi ke riƙe agogo in ba wuta. Ya mutu. Kullum da safe injin na farkawa a rana ɗaya, minti ɗaya, ya ɗauki iri ɗaya tun kafin Rahinatu ta taɓa agogon. Na farkon kowace rana lambarsu ɗaya, na biyu ɗaya, na goma ɗaya. Lambar waya kuwa, a Wudil wa ya ɓoye tasa?

Na ce, "Ashe Malam Ubaidullah ne a cikin akwatin."

Ta ce, "Shi ne. Kuma ni na ɗora shi a ciki."

Na dubi ƙofa, na rage murya. "To ki gyara shiru mana. Ni da Garzali ne kawai muka sani, shi kuma da tsire ɗaya zan rufe masa baki. Alhaji ba sai ya ji ba. Kin manta abin da ya ce? Keken ɗinki za ki koma."

"Mutum ɗari huɗu da talatin da bakwai ne ke yawo da tsohuwar lamba a aljihu. Sai an sauya ta kowa, sai an gaya wa kowa dalili. Ta yaya zan yi wannan shiru?"

"Ki ce injin ne ya yi mura."

"Gwadabe, kai da ka gano kai ne mafi ƙarancin karatu a layinmu. Ka tabbata ba wanda ya riga ka?"

Zagin ya shige ni, amma gaskiya ce. Kafin mu fita ta rufe ƙofar manhajar gaba ɗaya, ba mai buɗe komai, ko nasa ko na wani.

Washegari Juma'a, ranar kasuwa, ranar da nake samun abin da zan ci mako. Na bar shanu na bi ta. Ku rubuta wannan a tarihina. Tun kafin a tada janareto ta sami Alhaji a ofis, suka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, sannan ta miƙa masa ambulan a liƙe ta ce ya riƙe. Aka tada inji. Ta buga takardun gwaji biyar. Ta ce ya buɗe ambulan. Lambobi biyar ɗin da ta rubuta da biro tun a gida, su ne a jere, ba ko harafi ɗaya da ya kauce.

Alhaji ya cire tabarau ya mayar ya sake cirewa. Ya ce, "Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Ni ce, Alhaji. Batir ya mutu, amma ba laifin batir ba ne. Tun farko bai kamata in jingina sirrin mutane da agogo ba."

Ya yi faɗa. Ban taɓa sanin Alhaji na da irin wannan murya ba, sai da wani sa a kara ya tsinke igiya. Ya ce shekara goma sha tara yana gina sunansa. Ya ce da ma ya faɗa. Ya miƙa hannu ya ce, "Mukulli."

Ta ajiye masa a tebur. Ta ce, "Ga shi. Amma ina roƙon kwana biyu in toshe ramin da na haƙa. Bayan nan ko ka riƙe ni ko ka sallame ni, kada dai in tafi in bar shi a buɗe."

Ya ce Litinin mutumin birni zai zo, ta yi abin da za ta yi kafin nan, Rahinatu za ta riƙa buɗe mata. Da ya ɗan huce sai ya ce, "Ba batir ba ne? A sayo batir mana."

Ta ce batir ba zai wadatar ba. Ko agogo na tafiya daidai, duk unguwar na jin ƙarar janaretonsa wajen ƙarfe takwas. Mai wayo zai gwada takwas daidai, takwas da minti ɗaya, da minti biyu, kafin ya shanye shayi ya faɗa kan irin ranar.

Ya ce, "To a bar injin. Rahinatu ta riƙa ƙirƙiro lamba daga kanta."

Na yi caraf na ce, "Alhaji, ni a ba ni aikin. Kaina ko ni ban san abin da zai fito daga cikinsa ba."

Lubabatu ta yagi takarda ta yi rubutu ta kife. Ta ce, "Faɗi lambar sirri, wadda ba mai canka."

Na lumshe ido, na yi zurfi, na nutsa har ƙasan ƙwaƙwalwa, na ce, "Tozo, ɗaya tara tara sifili."

Ta buɗe takardar. Ta rubuta abu uku: nama, Mas'uda, shekarar haihuwarsa. Biyu sun ci. Rahinatu ta yi dariya har ta sarƙe. Alhaji bai yi ba, amma gemunsa ya motsa.

Asabar da Lahadi ta yi su a ofis daga safe zuwa la'asar, ni ke kai mata abinci ina tsokanarta tana korata. Abin da ta yi, gwargwadon fahimtar ɗan aji uku, shi ne wannan. Ashe a cikin kowace kwamfuta akwai wata rijiya daban da aka tanada don harkar sirri kawai. Ba daga agogo take cika ba. Tana tara ƙananan abubuwan da ba mai iya aunawa daga waje, tazarar da ke tsakanin danna wannan maɓalli da wancan, rawar zafin da ke cikin ƙarfen injin, abubuwan da ke faruwa sau dubu kafin ka ƙifta ido, ta dama su yadda ba a iya warwarewa. Lubabatu ta cire tsohon lissafin ɗungurungum, ta sa kowane harafi na lambar sirri a ɗebo shi daga wannan rijiya, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da gugansa. Ta mayar da tsawon lambar goma sha biyu maimakon shida, ta raba ta huɗu-huɗu don mai manyan yatsu irina. Ta fitar da haruffan da ke rikita tsofaffin idanu. Ta kuma sa in aka yi kuskure sau biyar ƙofa ta kulle.

Na tambaye ta lamba nawa ke iya fitowa yanzu. Ta fara jero sifili, na ce dakata, ki ce kawai sun kai yashin kogin Wudil.

Ta ce, "Sun fi shi nesa ba kusa ba."

Tun da aka haife ni, ranar ce ta farko da na zuga magana ta kasa kai gaskiya.

Litinin mutumin birni ya zo, sunansa Mudassir, da jaka a kafaɗa da turare mai hawa kai. Na so in tsane shi amma yana da ladabi. Alhaji ya ce a gwada a gabansa. Aka cire wa agogo sabon batir ɗin da aka sa masa, da gangan, aka ce a riƙa kashe janareto ana tadawa. Ni na ja igiyar nan sau ashirin, kafaɗata har yau tana ƙara. Sau ashirin injin ya farka a ɗaya ga Janairu, sau ashirin ya fito da lambar da ba ta ko gaisa da ta baya ba. Sannan Lubabatu ta juya wa Mudassir allon ta ce ya karanta rubutun duka. Na taka mata ƙafa, na ce a kunne, "Kishiyar sana'a kike nuna wa asiri?" Ta ce a fili, "Ya karanta. In sanin rubutun zai sa a canki lamba, to ban gyara komai ba." Ta buga masa lambobi dubu ta ce ya faɗi ta dubu da ɗaya.

Ya yi awa biyu yana dubawa. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, ba zan iya ba, kuma ba mai iyawa. Mu ma daga wannan rijiyar muke ɗiba. Aikin daidai yake."

Alhaji ya riƙa juya mukullin a hannu. Lubabatu na tsaye, ta harɗe yatsu a cikin hijabi. Sai Alhaji ya ce, "Malam Mudassir, in tambaye ka, tsakaninka da Allah. Da ku kuka yi kuskuren farko, kuka gano shi ba wanda ya sani, za ku zo da ambulan ku nuna mini?"

Mudassir ya miƙa hannu. Ya ɗauki ruwan da aka ajiye masa ya sha, ya sha, har ya ƙare. Ya ce, "Sai na tambayi oga."

Alhaji ya tura mukullin gaban Lubabatu. Ya ce, "Ɗauki. Amma mutum ɗari huɗun nan da bakinki za ki gaya musu."

Ta ce, "Na kira tamanin da shida jiya, Alhaji."

Kwana tara ta yi tana kira. Ta gaisa da mutum, ta tambayi gona, ta ce ga kuskuren da ta yi, ga sabuwar lamba, sannan ta karanta masa lokutan da aka buɗe takardarsa, don manhajar na ajiye wannan, ta tambaye shi ko duk shi ne. Wasu sun zage ta. Wani tsoho a Utai ya ce bai gane komai ba amma Allah ya yi mata albarka tunda ta kira. Wata mata a Ɗankaza ta yi kuka kafin ta ji ƙarshen zancen, sai da Lubabatu ta bi da ita lokaci bayan lokaci ta tabbatar ba kowa sai ita. Iya abin da aka iya ganowa, a duk ɗari huɗu da talatin da bakwai, takarda ɗaya ce tak wani ya buɗe ba mai ita ba. Ranar Alhamis, ƙarfe bakwai da minti arba'in na safe.

Na ce, "Luba, 'yar kawuna, jinina, wannan ɗayar ai ta gida ce, a bar ta."

Ta ce, "Matsa, ina waya." Ta kira Mas'uda a gabana.

Kwana goma sha ɗaya Mas'uda ba ta ɗaga wayata ba. Sai da na kai goro, na kai turare, na kai Kawu. An dai ɗaura. Har yau in na taɓa wayarta sai ta ce, "Da ido nawa za ka duba?"

Lubabatu na nan a ofishinta, shekara ta biyu ke nan. Alhaji ya saya mata sabuwar kwamfuta, kuma in baƙo ya zo yakan nuna Lubabatu ya ce, "Waccan ita ta kawo mini ƙarar kanta." Wani wurin gwaji a Gaya ya aiko a tambaye ta, wata makaranta ma haka. Malam Ubaidullah ya tsufa, idonsa ya yi rauni, don haka bara da jajibiri dattawan layi suka ce Lubabatu ta raba watanda da wayarta. Na jera buhunhuna yadda na saba, don hannu ba ya mantuwa. Na zagaya bayanta, na leƙa, na yi lissafin dama da hagu. Ta danna. Gidanmu ya tashi da kashin da ya fi kowanne ƙashi, tozon kuma ya tafi gidan Malam Ubaidullah.

Na ce, "An yi mini maguɗi."

Ta ce, "Kawo ambulan."

Na ɗauki ƙasusuwana na tafi. A hanya duk wanda na gamu da shi sai na tsayar da shi na nuna masa kwanon, na ce ya duba da kyau, ƙanwata ce ta yi wannan, kuma ko ni Gwadabe ban iya cankarsa ba.